Cibiyar Ɗan Wasu a Gwiwata

Abin da na fara sani a New York matakala ce. Ba dogayen benayen da muke gani a talabijin a Zariya ba, matakalar wani tsohon gida a Grand Concourse, mai warin dafaffen wake da maganin kyankyaso. Hajiya Memuna, 'yar Zangon Kumasi da aka haɗa ni da ita ta waya don ta ba ni masauki, ta ɗauki ƙaramar jakata ta bar mini babbar.

"Sista Asabe, elevator ya mutu tun last year," in ji ta. "Ki yi bismilla, fifth floor muke."

Na yi bismilla na hau. A lokacin gwiwoyina biyu lafiyarsu lau, ban ma san ina da su ba.

Aikin da Memuna ta samo mini irin nata ne, kula da tsofaffi a gidajensu. A ɗaga mutum, a zaunar da shi, a yi masa wanka, a juya shi a gado, a tsuguna a sa masa safa. Akwai wata tsohuwa a Soundview da ta fi buhun masara nauyi, amma kullum ƙorafinta ni ce mai nauyin hannu. Ban taɓa mayar mata da Turanci ba. Da Hausa kuwa ta sha baƙar magana har ta gode Allah, ina yi ina mata murmushi.

Bayan 'yan shekaru muka koma Morris Heights, wani gidan, wata matakalar. A nan na saba da jirgi mai lamba huɗu, wanda ke bi ta saman rufin gidaje. Idan na taso aiki da la'asar na samu kujera kusa da taga, sai gyangyaɗi ya ɗauke ni ido rabi a buɗe. Tankunan ruwa da ke kan benaye su zama rumbuna. Hayaƙin da ke fita daga bututun gidaje ya zama na murhun gidanmu. Wani lokaci har nakan ga Inna tana tafe a kan rufin wani bene da 'yar fartanyarta a kafaɗa, ba ta sauri, kuma jirgin ba ya wuce ta. Sai an kira sunan tasharmu in farka, in ga ashe har na jingina da kafaɗar wani bawan Allah da ban sani ba, shi kuma ya ƙyale ni.

Inna mahaifiyata ce, kuma ungozoma ce a Tudun Wada. Rabin unguwarmu a hannunta suka faɗo duniya. Tun ina yarinya ni ke riƙe mata fartanya idan an haihu, saboda ita aikinta ba ya ƙarewa da kukan jariri. Sai ta ɗauki mabiyiya da guntun cibiya ta wanke da ruwan ɗumi, a hankali, yadda ake yi wa jaririn kansa wanka. Ta naɗe a farin ƙyalle. Ta haƙa rami a bayan ɗakin mai jego, ta durƙusa, ta kwantar da ita cibiyar na kallon sama, ta kifa sakaina a kai, ta ce, "Ga gidanka." Sannan ta mayar da ƙasa. Na taɓa tambayarta me ya sa sai ta durƙusa, ga rami ɗan ƙarami. Ta ce wadda ta rako yaro tun daga ciki, ba a sallamarta a tsaye.

Ita ma Innar ba a gaishe ta a tsaye. Ƙanena ya taɓa dawowa daga Ikko da tabarau a goshi, ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga mata hannu. Ta dubi bayansa, ta dubi gefensa, ta tambaye mu wai wa ke magana. Sai da ya kai gwiwa ƙasa ta gan shi. Muka yi ta yi masa dariya har shekara ta zagayo, ni ce ma kan gaba.

Gwiwar dama ce ta fara. Da fari ƙara take yi idan na hau bene, sai kumburi, sai wani ciwo mai cin rai idan sanyi ya shigo. Na shafa man zafi, na shafa man kaɗanya, Memuna ta gasa mini da tawul har fatar ta yi baƙi. Na koma salla a kan kujera. A asibiti aka ɗauki hoto aka nuna mini. Likita ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya cinye, ƙashi ke gugar ƙashi. Amosanin gaɓɓai ke nan, irin na tsofaffin da nake ɗagawa, sai dai ni ko hamsin ban cika ba.

A wannan shekarar ce idanun Inna suka yi rauni, muryarta ta yi ƙasa. Ƙanwata Lami ke kara mata waya a kunne duk Juma'a. Rannan bayan mun gaisa ta ce, "Asabe, saƙonki yana zuwa, Allah Ya yi albarka. Amma ni ba shi nake jira ba. Ki zo in ji gwiwarki ta taɓa ƙasa a gabana, in dafa kanki, kafin a kira ni."

Na ce to, Inna. Na ajiye waya na riƙe bakin gado na gwada durƙusawa. Ban kai rabi ba na ga taurari da rana tsaka. Na yi kuka ranar, ba don ciwon ba. Hango kaina na yi a tsakar gidanmu, tsaye ƙerere, Inna tana tambayar wa ke magana.

Takarduna na zama a ƙasar sun daɗe da fitowa, kuma kwasar adashinmu na matan gida ta kusa zuwa kaina. Da ita na yi niyyar yankar tikiti. Sai Memuna ta shigo wata rana da zumuɗi, ko takalmi ba ta cire ba.

"Ei, sista, Allah ya kawo solution! Akwai wani doctor, allura ɗaya kawai, guringuntsi ya tsiro sabo. Stem cell ake ce shi. Asabar suna yin lecture, da free lunch kuma."

Muka ci ado muka tafi wani otal a Manhattan. Ɗakin cike da masu sanduna da masu kekunan guragu, ana raba kaza da dankali. Wani mai farar riga da fararen haƙora ya hau mumbari. Ya ce a jikin ɗan Adam akwai wasu ƙwayoyi na asali da ba su riga sun zama ƙashi ko tsoka ko fata ba, duk inda aka kai su sai su zama abin da wurin yake bukata. A zuba su a gwiwa, su yi aikin magina. Ya nuna hoton gwiwa a lalace, ya nuna wata sumul. Ni duk wannan bai kama ni ba. Abin da ya kama ni wani dattijo ne mai furfura da aka kira daga cikin jama'a. Ya ce bara da sanda yake tafiya. Sai ya durƙusa a gabanmu, gwiwa biyu a ƙasa, ya miƙe bai dafa komai ba. Kazar da ke bakina na kasa haɗiye ta.

Malam Isuhu, wani Bamaraɗe mai shago a layinmu, wurinsa muke sayen daddawa da kuka. Da na ba shi labari sai ya daina awo ya dube ni.

"Bon, hajiya, ni dai ban yarda da maganin da sai an ciyar da kai kahin a saida maka shi ba. Ki tahi gida hakanan. Uwa ce, tana ganewa."

Na ce masa bai san Inna ba. Na kuma ce ya auna mini kukata ya bar likitanci ga masu shi. Inshora ba ta biyan irin wannan allura, don haka adashin tikiti ya tafi can gaba ɗaya. Na gaya wa Lami aiki ya riƙe ni, sai baɗi.

Asibitin nasu ɗakuna ne 'yan kaɗan a saman wani bene, ga furannin roba, ga kiɗa mai sanyi. Ina shiga na hango dattijon nan mai furfura a bayan kanta, yana cin burodi tare da ma'aikata, har da makullan ofis a ƙugunsa. Na kawar da kai, na ce wa zuciyata ta yi mini shiru, ai mai aiki a wuri ma yana iya ciwon gwiwa.

Aka kwantar da ni. Wata nas baƙar fata, mai magana irin ta mutanen tsibiran da ke kudu da Amurka, ta fito da 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsana ba. Daga firiza take, sai ta riƙa murza ta a tsakanin tafukanta don ta narke. Yadda take murzawar ne ya sa na tambaya, don haka Inna ke ɗumama man da za ta shafa wa jariri. Na ce daga ina ake samo wannan ruwa?

Ta ce daga cibiyar jarirai. Idan aka haihu a wasu asibitoci, uwa takan sa hannu ta bayar, a tace, a daskarar, a aiko.

Na ɗago kai. Na ce jaririn, mace ce ko namiji? Ta ce ba ta sani ba. Na ce a wane gari? Ta ce nesa dai. Na ce to sauran fa, mabiyiyar, wa ya binne ta? Ta daina murzawa. Ta ce a nan ba a binnewa, tare da sharar asibiti ake ƙonewa.

Da ina da ƙarfin hali da na sauko daga gadon. Amma likita ya riga ya shigo da safar hannu, kuma dattijon nan yana ta durƙusawa yana tashi a cikin kaina. Na rufe ido. Allurar ta shiga da sanyi, sanyin ya bazu har cinya. Da aka gama na roƙi nas ta ba ni kwalbar. Ta ce doka ta hana. Ina ɗingisawa zan shiga lif sai ga ta, ta ce na manta safata. Ta danƙa mini safar hannu ta roba a dunƙule, ta juya ba ta jira godiya ba. Kwalbar na ciki, da ɗan ɗigon da ya rage a gindinta.

Watannin da suka biyo baya kamar a mafarki na yi su. Kumburin ya saɓe. Na hau matakalarmu ban tsaya hutawa ba, Memuna tana bayana tana tafi tana cewa, "Kin gani? Ya yi aiki paa!" Kwalbar kuwa na naɗe ta a ƙyalle na sa a cikin kwallar da nake ajiye 'yan kunne. Ban san me zan yi da ita ba, na dai san ba ta kwandon shara ba ce.

Sai yaron mai cibiyar ya fara zuwa mini a cikin gyangyaɗi. A jirgi mai lamba huɗu, da la'asar, daidai lokacin da tankuna ke zama rumbuna. Ba na ganin fuskarsa sosai. Wata rana fari ne mai jan gashi, wata rana baƙi, wata rana ma yarinya ce da kitso biyu. Yana tafe a kan rufin gidaje yana leƙa tagogi ɗaya bayan ɗaya, ba ya kuka, nema kawai yake yi. Inna na can gaba da fartanyarta, ba ta waiwayo ba, don ba wanda ya gaya mata yana biye. Idan na farka sai in ji gwiwata tana bugawa a hankali. Nakan dafa ta in ce, "Yi haƙuri, ɗan wasu." Wata Ba'amurkiya ta taɓa canza kujera saboda ni.

Da sanyi ya dawo, ciwon ya dawo tare da shi, bai manta hanya ba. Na kira masu allura, suka ce irin gwiwata sai an yi ta biyu. Da na sake zuwa bayan wani lokaci, na tarar an cire sunansu daga ƙofa, ana gyaran farce a wurin. Na tsaya ina kallon 'yan mata suna busar da yatsu, na rasa wa zan zaga.

Likitar asibitin gwamnati, wata 'yar siririya mai haƙuri, ta sake ɗaukar hoto ta jera shi da na da. Ko ni da ban yi boko mai zurfi ba na ga ba abin da ya tsiro. Ta ce binciken waɗannan ƙwayoyi gaskiya ne, ana kan yi, wataƙila wata rana a kai ga gyara guringuntsi da su. Amma masu sayarwa sun riga masu binciken isa kasuwa. Ta ce irin wannan kwalba ma ba lalle a samu ƙwaya mai rai a cikinta ba. Sauƙin da na ji, mai yiwuwa kumburi ne ya lafa na ɗan lokaci. Ta rubuta mini motsa jiki, ta ce in rage ƙiba, gaba kuma a sa mini gwiwar ƙarfe. Na ce da ta ƙarfen ana durƙusawa? Ta ce wasu suna iyawa, da yawa ba sa so.

Juma'ar da ta biyo na gaya wa Inna komai. Na shirya jin faɗa a kan tikiti, na shirya jin na zama sakarya a ƙasar mutane. Ta saurara har na kai aya. Ba ta tambayi gwiwa ba, ba ta tambayi adashi ba.

"Cibiyar ɗan mutane aka zuba miki?"

"Eh, Inna."

"An binne sauran?"

"An ce ƙonewa suke yi."

Ta yi salati a hankali. Na ji Lami tana cewa Inna ki bar kuka mana. Can ta ce, "Ba abin da ya rage ko kaɗan?"

Na gaya mata zancen kwalbar. Muryarta ta miƙe nan take, ta koma irin ta da, wadda ke aika manyan maza ɗebo ruwan zafi.

"To me kike jira? Yaro yana yawo ba gida, ke kina ajiye da shi cikin 'yan kunne? Ki nemo ƙasa."

Ƙasa a Bronx, a tsakiyar hunturu. Duk inda ba siminti ba ne, ƙanƙara ta mayar da shi dutse. Na koma shagon Malam Isuhu da kunyata a ka. Bai ce ai na gaya miki ba, Allah Ya saka masa. Ya ce yana da ɗan fegi a lambun unguwa, tsakanin benaye biyu, inda yake shuka yakuwa da kuɓewa.

"Ki bari ƙasa ta saki, hajiya. In ta saki, jardin naki ne."

Haka muka jira. Duk Juma'a kafin Inna ta amsa gaisuwata sai ta tambaya ko ƙasa ta saki. Muryar tana ƙara nisa, amma tambayar ba ta canza ba.

Ranar da muka je, hantsi ne mai ɗumi, itatuwan bakin titi sun fara fitar da fararen furanni. A Zariya la'asar ta kusa. Malam Isuhu ya haƙa ramin a gefen katanga, ya miƙa mini 'yar shebur ya koma bakin ƙofa ya ba mu baya, ya ce wannan sha'anin mata ne. Memuna ta zo da ruwan ɗumi a fulas da sabon farin ƙyalle. Sakaina ba mu samu ba, sai ta fasa mini kofin shayinta na tangaran, wanda ko taɓa shi ba ta bari a yi. Na kira Lami, na buɗe muryar wayar, na ajiye ta a kan ƙasa a gaban ramin.

"Kin wanke?" in ji Inna.

"Na wanke."

"Da ɗumi?"

"Da ɗumi, Inna."

"Naɗe. Bakin ya kalli sama."

Na naɗe. Na sunkuya daga tsaye, na miƙa hannu zan saka. Ban san yadda aka yi ta sani ba. Wataƙila nisan muryata daga wayar ta ji.

"Asabe. A tsaye kike?"

Memuna ta matso ta kama mini hammata, ta ce, "Sista, small small." Na fara kai ta hagu. Sannan na saki ta dama. Ta yi wata ƙara da na tabbata an ji ta a Tudun Wada, ciwon ya taso tun daga ƙafa har cikin haƙorana, gumi ya karyo mini. Sai na ji sanyin ƙasa ya ratsa zanena. Ƙasa mai laushi, mai danshi, da ƙanshin farkon damina. Jirgi mai lamba huɗu ya wuce can sama, ban ɗaga kai na duba rufin gidajen ba.

Na kwantar da ƙullin, na kifa guntun kofin, na ce, "Ga gidanka." Na mayar da ƙasa da hannuna.

Sai na ga inda nake. Gwiwa biyu a ƙasa, wayar a gabana, numfashin Inna yana fita daga cikinta. Na gyara mayafina, na sunkuyar da kai.

"Inna, ina wuni?"



"Lafiya lau, Asabe. Na ji saukarki. Matso da kanki."

Na kai goshina kusa da wayar. Lami ta gaya mini daga baya cewa Inna ta ɗora tafinta a kan tasu wayar, ta rufe ta ruf, shi ya sa albarkar da ta sa mini ban ji kalmominta ba, sai gunji kawai. Ba ta kai ƙarshen daminar nan ba. Tikitin da na yanka daga baya na zuwa gaisuwar rasuwa ne.

Amma a ranar ban san wannan ba. Na dai ji ta ɗauke hannu, muryarta ta fito sarai.

"Na amsa. Tashi."

"Inna, ba zan iya tashi ba."

"To zauna nan tukuna," in ji ta. "Ni ma ban gaji da ganinki ba."